Ya Rusuna Ya Wuce

Kububuwa ce ta kashe yayana. Da kaka ne, ya sunkuya zai ɗaga tarin karan masara a gonarmu ta bakin fadama, ta sare shi a bayan hannu. Muka ɗauko shi a babur zuwa ɗan asibitin ƙauyenmu, can gaba da Ƙarfi. Ma'aikacin wurin mutumin kirki ne, ya buɗe mana firji don mu gani da idonmu. Ba komai a ciki sai ruwan leda mai ɗumi, don solar da ke ba shi wuta ta daɗe da mutuwa. Allurar dafin maciji kuwa, ya ce rabonsa da ita tun yana makaranta. Muka koma gida aka shiga na gargajiya, sai da jini ya fara fita ta dasashinsa muka kama hanyar Funtuwa. Ba mu kai ba.

Shi ne ɗan farin Baba, don haka ban taɓa jin Baba ya kama sunansa ba, yana raye ko bayan ransa. Bai yi kuka a gaban kowa ba. Amma maganar allurar nan ta shiga ransa ta zauna. Mu biyu muka rage masa: ni da nake koyarwa a firamare a Malumfashi, da ƙanena wanda gona ta koma hannunsa. Duk sanda ƙanen nan nawa ya saɓa fartanya, Baba sai ya bi shi da ido har ya sha kwana.

Ana cikin haka muka ji a rediyo an aika wa majalisa sunan wanda za a naɗa shugaban hukumar da ke kula da ƙananan asibitoci irin namu, kuma kwamiti zai zauna ya tantance shi. Ɗan majalisarmu yana cikin kwamitin. Baba ya tambaye ni ma'anar tantancewa, na ce tsayar da mutum ake yi a bainar jama'a a yi masa tambayoyi kafin a ba shi kujera. Abin ya yi masa daɗi ƙwarai. Ya ce ashe dai 'yan boko ma sun san ba a ba da aure sai an yi bincike.

Ya sa babbar rigarsa ta Sallah na raka shi gidan Onarabul. Muka yi zaman jira cikin maroƙa da masu neman aiki har rana ta take. Da aka shigar da mu, Baba, wanda ya girmi uban Onarabul ɗin, ya tuɓe takalmi ya tsuguna. Ni kam raina ya ɓaci, amma na bi shi na tsuguna.

"Ranka ya daɗe, wani yaro ne nawa maciji ya sara," in ji Baba. "Ba abin da zai dawo da shi. Saƙo ne dai na kawo. In mutumin nan ya tsaya gabanku, a tambaye shi yaushe allura za ta zo mana."

Onarabul ya yi ta'aziyya mai kyau, ya iya ta. Ya ce an gama, da bakinsa zai yi tambayar.

Ranar zaman na taho gida da wayata, don ana nuna shi kai tsaye. Muka jingina ta da buta a zaure, maƙwabta suka cika tabarma. Da Turanci ake yi, ni ne tafinta, hoton kuma yana yi yana tsayawa. Mutumin ya shigo cikin farar shadda, aka karanta makarantun da ya yi. Wani ya miƙe ya ce ai tsohon abokin aikinsu ne, a ɗakin nan suka zauna tare. Wani ya yabi halinsa, wani ya yabi mahaifinsa. Na yi ta fassara yabo har na gaji da bakina.

Can sai ga namu ya miƙe. Baba ya matso har gemunsa na taɓa wayar. Onarabul ya yi magana yana nuna mutumin da hannu, aka amsa baki ɗaya, aka yi dariya. Mutumin ya gyara tsayuwa, ya rusuna sosai, ya juya ya fita.

"Alhamdu lillahi," in ji Baba. "Ya karɓa."

A wurinmu, idan babba ya ɗora maka amana ba ka cika shi da surutu. Rusunawa kake yi ka tashi, kuma daga nan abin ya hau wuyanka. Haka Baba ya karɓi riƙon gidanmu daga kakanmu, haka yayana ya karɓi gona daga Baba. Ya ga namu ya miƙe, ya ga ya nuna mutumin, ya ga mutumin ya rusuna. Me kuma ya rage?

Wani maƙwabcinmu da ya ɗan taɓa boko ya ƙyafta mini ido, wai in bar tsoho da farin cikinsa. Amma Baba ba yaro ba ne, kuma kaka tana tafe.

"Baba, ba a tambaye shi komai ba. Namu cewa ya yi tunda nasu ne, a yafe masa tambayoyi, ya rusuna ya wuce. Al'adarsu ce."

Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce in maido hoton baya, na maido. Ya sake kallo, bakinsa na motsi.

"To in ba saƙo ya karɓa ba, wa ya rusuna wa?"

Na nuna masa sandar majalisa, tana kwance a kan tebur gaban shugaba. Na ce ita ake yi wa.

"Sanda," in ji shi. Ya ɗauke butar, wayar ta faɗi a kan tabarma, ya fita alwala.

An naɗa mutumin, mun ji ana taya shi murna a rediyo. Firjin yana nan yadda muka bar shi, har ma'aikacin ya mai da shi wurin ajiye takalmansa saboda ɓeraye. Ban ƙara sa rai ba, kuma ba na jin kunyar faɗi. Na saya wa ƙanena takalmin roba mai tsawo da safar hannu, sai dai in rana ta yi zafi cire safar yake yi, ya ce tana hana shi aiki.

Da aka fara karyar masara, Baba, wanda ciwon gwiwa ya raba da gona tun tuni, ya koma fita. Shi yake riga kowa. Duk tarin karan da za a ɗaga sai ya fara bugunsa da sandarsa, sannan ya sunkuya ya cusa hannunsa ƙarƙashi ya lalube, kafin ya bar ƙanena ya taɓa. Na je na same shi na yi faɗa, na yi magiya, na ce wannan ai kai kai ne ga halaka.

"In tana nan, gara ta same ni," in ji shi. "Ni na ci nawa zamanin. Shi kaɗai ya rage mini a gona."

Na daina faɗan. Bana ma haka yake yi, kuma sunkuyon ya fara gagararsa, sai ya durƙusa. Idan ina cikin aji da hantsi wayata ta yi ƙara na ga kira ne daga gida, nakan daɗe ina kallonta kafin in ɗauka.