Gidan Manaja da Ƙusar Liman

Ina bayan sito a unguwar Sulay, nan ƙasar Larabawa, ina tsoma burodin kubus a shayi, sai ƙanena Sabi'u ya kira ta bidiyo daga garinmu. Ya haska min gidan manajan kamfanin gurzar auduga, kamfanin da aka rufe tun muna samari. Wai an sa gidan a kasuwa, da arha.

Babanmu a dakon buhunan kamfanin nan ƙarfinsa ya ƙare, ko barandar gidan bai taɓa takawa ba. 

Na ce, "Sabi'u, su wa ke maƙwabtaka?"

"Na dama na Ɗanlami ne, yana Jidda. Na hagu na Isa Tela, yana Libiya."

"To wa ke kwana a layin?"

Ya yi dariya. "Awaki mana, Yaya! Masu halin saye duk kuna waje, mu da ke nan ba mu da hali. Makullan ma suna rataye a zauren Liman, kowa da ƙusarsa. Ya ce in gaya maka akwai saura ɗaya."

Ba na ganin laifin kowa. Da akwai aiki a garin, da ba na nan ina jiran kafilin da nake aiki ƙarƙashinsa ya sabunta min iƙama, takardar izinin zama. Mai gidan na son amsa kafin Juma'a, ni kuwa wallahi kaina ya kulle. Gida zan saya, ko ƙusa a bangon Liman?

Ku da kuka saya kuna waje, wa ke kwana a naku?