Tagogin da Suka Kalli Yamma

Jiya 'yata ta miƙo mini waya, wai in ga wani tsohon otal na ƙasar Nowe, can Turai. Rufi mai tsini, bangon katako, tagogin gilashi manya-manya. Ina gani na ture wayar. Na san irin ginin nan sarai, shi ya ci soron kakana.

Kaka magini ne a Kurfi. Da hannunsa ya ɗora soronsa, tubali da azarar giginya, ya shafe bango da makuba. Da bazara, in rana ta take, can mu jikoki muke tserewa. Kana shiga sai ka ji sanyi kamar ka tsoma hannu a randa, ga ƙanshin ƙasa.

Sai Baffa, ƙanen babanmu, ya samu aiki a Dutsin-Ma, ya dawo da kalanda mai hoton irin wannan otal. Shi ke nan kansa ya juye. Wai ginin ƙasa abin kunya ne, abokan aikinsa za su riƙa zuwa.

Kaka ya daɗe yana duban hoton, sannan ya ce, "Wanda ya gina wannan gwani ne. Tsinin nan don dusar ƙanƙara ta zame ne, tagogin kuma rana suke roƙo. Mu nan gudunta muke yi."

Baffa ya ce, "Baba, wannan tsohon yayi ne."

Ya bari sai da Kaka ya tafi Barkiya gyaran rumbu, ya kwaso leburori. Ina tsaye suka rushe soron, suna jan azara kamar itacen girki. Ya ɗora bulo da kwano mai tsini, ya fasa tagogi biyu suna kallon yamma, ko tunanin inda rana take faɗuwa bai yi ba.

Kaka ya dawo ya tarar da sabon ɗaki. Sau ɗaya ya shiga, ya fito sharkaf da gumi, ya ja tabarmarsa gindin bishiyar bedi. Nan ya ƙare sauran shekarunsa, tsoho da gidansa yana wuni a waje kamar baƙo. Abokan aikin kuwa ko ɗaya bai taɓa leƙowa ba. Wallahi har yau abin na ci mini rai.

Yanzu buhunan gero ake ajiyewa a ɗakin. Baffa ya tsufa, kullum yana gindin bedin nan da mafici a hannu. Zuwana na ƙarshe ya ce mini, "Ko kin san wani mai ginin ƙasa?"

Na ce, "Ɗaya na sani, Baffa. A kan tabarmarsa kake zaune."