Rundunar Kawu ta Wayar Bango

Jiya na shiga wani shagon tsofaffin kaya a Bronx, sai wata wayar bango mai murɗaɗɗiyar igiya ta yi ƙara. Wallahi sai da na ƙame kamar kurtu. Mai shagon ya zaci ciwo ne ya kama ni. Ba ciwo ba ne, Kawu na tuna.

Ba jini ya haɗa mu ba, amma duk unguwarmu ta Mount Hope Kawu ake ce masa. Kuku ne. Kafin ya zo New York ya yi shekaru a Beijing yana dafa wa wani hafsan soja na ofishin jakadanci abinci, kuma daga bakin ƙofar kicin ya sauke karatun soja kaf. Bai taɓa riƙe bindiga ba, ludayi ne makaminsa. Amma in ya fara bayanin sojan Sin, ka rantse shi ya ɗauke su aiki ɗaya bayan ɗaya.

A ƙarshen shekarun tamanin azumi na faɗowa daidai lokacin da sanyi ke janyewa. Bayan la'asar sai ya tara mu yara a ɗakinsa muna tsince waken ƙosai, ga ƙamshin mai da albasa ya cika bene. A kan faranti yake jera mana rundunar. Ya ware wake kashi uku, ya ce ƙananan ƙungiyoyi ne, a haɗe su zama ɗaya. Irinta uku su zama ta gaba. Haka uku uku, har bataliya, har dibishan, har babbar runduna mai tankokinta da igwoginta da likitocinta.

“Da masu dafa mata abinci,” yakan ƙara, yana dukan ƙirji. “Mutanen nan sun sallami soja miliyan guda, faretinsu ko giɓi bai yi ba. Kun san sirrin? Kowa ya san ukunsa.”

Mu dai da Turanci muke amsa masa, shi kuma ya kira mu sojan biskit.

Ashe ba wasa yake ba. Wani ɗalibi ɗan Damagaram ya rasu, gawarsa ta daɗe a asibiti ba wanda ya sani. Ranar da aka binne shi Kawu ya rantse ba Bahaushen da zai sake mutuwa shi kaɗai a garin nan. Sai ya ɗora mu a kan tsarin farantin. In abu ya faru, a sanar da shi. Shi zai kira mutum uku: mahaifina, da wani dattijo ɗan Zangon Kumasi a unguwar Soundview, da wani direba ɗan Nijar a Port Richmond, can ƙetaren ruwa. Kowannensu ya kira ukunsa, su ma haka. Doka ɗaya ce: ba a cika layi da surutu. Saƙo daga sama yake saukowa. In waya ta yi shiru, lafiya ke nan.

Kuma tsarin ya yi aiki, jama'a! Kafin shayi ya huce labari ya tsallake ruwa. Akwai jana'izar wani baƙo da muka cika titi har ɗan sanda ya tambayi mahaifina ko sarkin ƙasarmu ne ya rasu. Kawu na gaba, hula a karkace, yana ƙirga mu da ido.

Shekaru suka tafi, azumi ya koma tsakiyar ƙanƙara. Ina da shekara goma sha shida. Wata rana Kawu bai zo buɗa baki a masallaci ba, aka ce aiki ya riƙe shi. Washegari mahaifiyata ta ba ni kunun gyaɗa in kai masa. Na ƙwanƙwasa, shiru. Na ajiye kwanon a bakin ƙofa na dawo.

“Ka gan shi?” ta tambaye ni.

Na ɗaga kafaɗa. “Inna, da wani abu ne ai da an kira.”

Har yau maganar nan ba ta sake ni ba. Ba ni kaɗai na faɗe ta ba, duk rundunar ta faɗa, kowa a gidansa, kowa na kallon wayarsa. Sai a kwana na huɗu na koma, na tarar da kwanon yana nan, kunun ya yi tsami.

Mai kula da ginin ya buɗe mana ɗakin. A bango ga takardar tsarin, sunaye sun sauko uku uku kamar dala. Mahaifina ya daɗe a tsaye yana kallon samanta. Sunan Kawu ne a can shi kaɗai, ba layin da ya hau sama da shi, ba wanda aka ɗora wa duba shi.

A kwana na shida muka same shi. A tashar jirgin ƙasa ya faɗi, aka kai shi asibiti, ba lambar kowa a aljihunsa, don duk a kansa ya haddace su. Tun a kwana na uku ya cika. Wata nas ta ce bakinsa ya riga ya mutu, amma ya yi ta ɗaga mata yatsu uku, ita kuma ba ta gane ba.

An cika titi ranar jana'izarsa fiye da kowace rana. Ban ga amfanin cikar ba.

Yanzu kowa na cikin zaure ashirin a wayar hannu, mutum ko atishawa ya yi sai an ji a Kano. Ni dai, mutumin da ba a raba shi da barkwanci, akwai abu ɗaya da ba na wasa da shi. Duk Juma'a ina kiran tsofaffi uku, sama nake kira, ba ƙasa ba. Ɗayansu dattijon nan ne na Soundview, kunnensa ya yi nauyi.

“Kai kuma, lafiya? Wa ya rasu?”

“Ba kowa, Baba. Muryarka kawai nake son ji.”