Tarin Maigadi

Maigidana, Allah ya jiƙansa, sau ɗaya ya taɓa yin wasan kwaikwayo, tun kafin aurenmu. Tsohon wasa ne da aka ɗauka a Yola, aka yi ta maimaita shi a talabijin duk sallah. Shi ya fito a maigadin wani marowaci, kuma magana ɗaya tak aka ba shi. Baƙi na tsaye a ƙofa, sai ya yi ɗan tari, ya ce, "Ku shigo, gidan bai cika ba tukuna."

An manta da manyan 'yan wasan, maganar maigadi ce ta rayu. Masu keke a unguwar Bekaji suna faɗinta in za su cusa fasinja inda babu wuri. A gidan kallo ana ihunta in ƙwallo ta shiga raga. Wata ungozoma ma ta faɗa mini ita ina kan gwiwa. Ban yi dariya ba.

Na tsani maganar nan. Mutum ma'aikacin gwamnati, mai furfura, amma ko wurin ta'aziyya ya je sai wani ya yi masa tarin. Shi kuwa sai murmushi. Shekarar da mutane suka gudo daga arewacin jihar nan, a ƙofar gidanmu na Demsawo ya tsaya ya faɗe ta da gaske. Tsakar gida ta cika da tabarmi, ni ina bakin murhu ina ƙunƙuni.

Sai da ya rasu na gane ba ni da muryarsa. Bai taɓa son aika saƙon murya ba, kaset ɗinmu na wasan kuma ambaliya ta ci. Na yi cigiya, babu mai shi. Sai ga ni, wadda ta hana 'ya'yanta faɗin maganar a gida, ina yawo a gari ina kasa kunne. Yawanci ɓata ta suke yi. Ihu suke, su manta da tarin.

A kasuwar Jimeta na dace. Wani Ibo mai kayan lantarki, haifaffen nan, yana faɗa wa duk wanda ya yi jinkiri a ƙofar ɗan shagonsa. Tarin, da yadda yake jan "tukuna" ƙasa-ƙasa, sak marigayi. Na koyi tsayawa a ƙofar ina gyara takalmin da bai lalace ba, sai ya faɗa in shiga. Ƙwan fitila nake saya, har suka cika mini kwano.

Ran nan wata mai sayayya ta tambaye shi inda maganar ta samo asali.

Ya ce, "Karin maganar Hausawa ne, tun kakanni."

Da na yi shiru, da na tsira. Amma bakina ya riga ni.

"Wane kakanni, Oga? Mijina ne ya faɗa a wasan talabijin!"

"Haba Hajiya! Maigadin nan? Yana ina? Kawo shi, zan ba shi fanka kyauta!"

"Ya rasu bara."

Ya ajiye wayar wutar da ke hannunsa. "Ayya, Mama. Sori o. Allah ya jiƙan shi."

Na koma gida ina jin kaina kamar matar gwamna.

Da na sake zuwa, na tsaya a ƙofa, na sunkuya kan takalmi. Shiru. Sai ga shi ya fito da kujera, yana goge ta da rigarsa.

"Sannu da zuwa, Mama. Zauna."

"Yau ba za ka faɗa ba?"

"Ni? In yi wasa da marigayi a gabanki? Allah ya kiyaye."

"Ni na roƙe ka."

Ya duba hagu, ya duba dama, ya faɗe ta da sauri, kansa a ƙasa, kamar yaron da aka sa ba da haƙuri. Babu tarin. Muryarsa ce kawai.

Na sayi ƙwan fitila ɗaya don kada ya ɗauka ya yi mini laifi. Ya gwada shi a gabana, ya kama.