Ramar da ta wuce lissafi

Likita ya dakatar da allurar insulin da nake yi wa kaina. Yanzu ƙwaya nake sha. Masu tambayar dalilin dogon shiruna a nan, ga amsa.

Bayan babbar sallah na ƙudurta rage tumbi. Na sauke manhajar lissafin kalori, wato ma'aunin kuzarin da ke cikin abinci, na ba ta shekaruna da tsayina da nauyina. Ta faɗa mini abin da zan ci a rana, da ɗan abin da zan riƙa raguwa duk mako. Ba ta san tuwon shinkafa ko fura ba, sai na riƙa kintata.

Na fara raguwa. A ofis ana yaba mini.

Daga baya na gaji, na koma cin tuwona kamar da, har da ƙari. Sikeli bai daina sauka ba. Wannan ne ya tsorata ni. Ga ƙishirwa, ga yawan fitsari, ga rubutun labaran da nake tacewa ya fara yi mini dishi-dishi. Ni kuwa da ido nake neman abinci.

Da muka je gida Argungu, Inna ta dube ni, ta juya ga matata Hadiza: "Ke ɗiyar nan, mi kike ba shi?"

Hadiza ta ce, "Wallahi Inna, malmala uku yake tashi da ita."

"To tuwon ina yake zuwa?"

Tambayar da na kai asibiti a Birnin Kebbi ke nan. Aka soki yatsana. Ma'aikaciyar jinya ta dubi na'urar awon jinin, ta ce, "Malam, da ƙafarka ka zo?" Ciwon suga ne. Aka ba ni gado, aka sa ƙarin ruwa, ana awo safe da yamma. Kuɗin allura da gwaje-gwaje sun cinye albashina, yayana ya sayar da shinkafarsa ya cika.

Likita ya ce, "Manhajarka lissafin mai lafiya take yi."

Na gode wa Allah, na gode wa Hadiza da Yaya da ma'aikatan da suka kula da ni. Shawarata: lissafin kalori kintace ne. In kana ci kana ramewa, je a auna jininka, kada ka jira.

Idona na dama ya washe. Na hagu an duba shi, likitan ido bai tabbatar ko zai dawo ba tukuna.