Yatsun da Ba Lalle

Ina jiran gwajin jini a ƙaramin asibitin ƙauyenmu, kusa da Wad Haddad, idona yana kan wata yarinya wadda ba ta wuce shekara goma sha shida ba. Tana zaune a ƙarshen bencin ɗakin ungozoma, ta naɗa tob, lulluɓin nan irin na matan aure, wanda ya yi mata yawa. Hannunta yana dafe da mararta, leɓenta a bushe. Baƙuwa ce, ina zaton ta tsallake asibitin garinsu ne, domin budurwar da aka gani a wannan benci sai zancenta ya kai gona. Sai dai yatsunta babu baƙin lallen da ake shaida matar aure da shi.

Tsohuwar da ke kusa da ita, wadda ta rako surukarta awon ciki, ta leƙa hannun. "Amarya, ina lallenki? Ko angon marowaci ne? 'Yar gidan wa ce ke?"

"Kaina ke ciwo, Hajja. Ɓatan ƙofa na yi."

Ungozoma tana kiran mai bi a layi. Yarinyar ta miƙe a hankali, ta wuce ta tagar magani, ta karɓi ƙwaya biyu na ciwon da ba shi ya kawo ta ba. Da ungozoma ta sake kira, tsohuwar ce ta tura surukarta ciki.