Mai Sharar Zauren Baje-koli

A tsohon zauren baje-koli na garin Tawa nake ganinsa, gajeren dattijo da tsintsiya a hammata, sanye da kwat ɗin soja wadda ba ta da maɓalli ko ɗaya. Ban san sunansa ba.

Zauren kuwa maginan ƙasar Adar ne suka ɗaga shi da laka zamanin Nasara, ginshiƙi goma sha biyu, kowane gari da gindin da yake baje abin alfaharinsa. Tun da aka samu mulkin kai ba a sake cika shi ba, jemagu ne suka gaje shi. Amma dattijon yana shara yana ratse-ratse, yana tattare riga, sai ka ce wurin maƙil yake da kaya. Ina jin duk ƙuruciyarsa a nan ta ƙare.

Yau wani akawun gwamnati ya shigo da igiyar awo, wai za a mai da zauren siton siminti. Yana taku ƙwas-ƙwas har gindin ginshiƙi na uku.

“Kai, Mushe!” in ji dattijon, wato “Malam” ke nan a Faransanci. “Bisa geron garin Afala kake tsaye!”

Akawun ya daka tsalle gefe, yana duba ƙarƙashin takalminsa. Ƙasa ce kawai.

Dattijon ya nuna gefe. “Nan kuma ragon garin Barmu na, wanda ya ci lamba. Tunkuyi garai.”

“Haba, Baba,” in ji akawun yana dariya, “ai babu komi nan.”

Amma da zai fita, ina kallonsa, ta bayan ginshiƙin ya zagaya, yana waiwaye.